Amsar Gwaggo a kan ƙamshin amarya

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce turaren kwalba yana sa miki ciwon kai da atishawa, sabulun kanti mai ƙamshi kuma yana feso miki ƙuraje a wuya, ga biki saura wata biyu. Shi ne kike tambaya ko dole ne amarya ta sha humra, da kuma yadda muka yi namu a da.

Ba dole ba ne. Abin da al'ada ta nema shi ne amarya ta shiga ɗakinta tsaf, tana ƙamshi. Ba ta ce sai daga kwalba ba. Humrar ma a hannun Shuwa da Barebari muka gan ta, kuma irin wadda ake sayarwa yanzu a kasuwar Garwa, in kin bincika, da turaren kwalba ake haɗa mafi yawanta. Kin ga an gudu ba a tsira ba ke nan.

A gidanmu wanka daban, ƙamshi daban. Sabulu aikinsa fitar da dauɗa, shi ke nan. Kakarki, Allah ya jiƙanta, da an gama girbi sai ta tara karan gero ta ƙone, ta samo tsohuwar tukunya mai huji a gindi, ta shimfiɗa ciyawa a ciki, ta zuba tokar, ta bi ta da ruwa. Haka zai kwana yana ɗiga a ƙwarya, ja kamar shayi. Wannan ruwan tokar za ta dafa har ya yi kauri, sannan ta zuba man kaɗe ko kitsen saniya da ta narke ta tace, ta yi ta juyawa da muciya. Ni ce mai iza wuta, ido duk hawaye. In ya kama jikinsa sai a dunƙula, a jera a inuwa, a manta da shi har wata guda. Sabon sabulu yana da kaifi. Na taɓa yin gajen haƙuri na ɗauki na kwana uku na shiga wanka, sai da fatar hannuna ta yi mako tana salewa, kakarki kuwa ko sannu ba ta ce min ba. In da soda za ki yi irin na matan yanzu, sodar ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, kuma kada ki kusanci tukunyar alminiyom da ita, cinye ta take yi.

Gashi ba ya ma buƙatar sabulu kullum. Jiƙa busasshen karkashi a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, ki tace ki wanke kai, mataji zai wuce ba gardama. Mutanen Cadi ambunu suke ce masa. Shi kuma garin shebe da suke kwaɓawa da mai, a jikin gashi ake shafa shi, ba a fatar kai ba. Man shafawa kuwa, man kaɗe zalla ya ishe ki duk lokacin hunturu.

To, ƙamshi. Namu daga saiwa da itace yake fitowa, hayaƙi ne ke kai shi jikin tufa. Kajiji, saiwar jema, ɓaraguzan sandal, ɗan kanumfari, sai farce. Farcen nan murfin bakin dodon koɗin teku ne, kuma yana da ƙarni, dole a jiƙa shi a kankare shi fes, a soya har ya yi ƙaras, sannan a daka. Wadda ta yi ha'inci a nan, ɗakinta zai yi warin ƙonannen ƙaho. Amfanin farcen shi ne riƙe ƙamshin sauran ya daɗe. Sai a narka sukari da ɗan ruwa a wuta marar ƙarfi, a juye kayan a ciki, a gauraya har kowane ɓarɓashi ya yi sheƙi, a bar shi ya huce, a rufe a kwalba. Kada ki buɗe kafin sati biyu. A wajen haɗin nan ne masu sayarwa suke tuttula turaren kwalba, ke sai ki tsallake wannan.

Amma tunda hancinki ba ya son wargi, kada ki rufe kanki a ɗaki da hayaƙi don an ce na gargajiya ne. Hayaƙi hayaƙi ne. Ki kai kasko tsakar gida, garwashi biyu kawai waɗanda suka riga suka yi fari, ki barbaɗa turaren, ki kifa kabbasa, wato kwandon turara tufafi, ki yafa zannuwanki a kai ki ba su wuri. Duk abin da za ki shafa kuma, fara gwada kaɗan a cikin damtse ya kwana, musamman mai kanumfari, don yana ƙona wasu.

Kajiji da jema ina da su, farce ne zan sa a duba min a Marwa. In sun haɗu zan ba mai zuwa Ngaundere ya sa miki a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Ki gaida innarki, ki ce mata kaskona da ta ara tun sunan autarta har yau ina jira.