Wa ke cinye mini kati?

Tambaya: Malam, duk sanda na sa kati sai a zare naira 50 ko 100, a turo mini saƙon labarin ƙwallo da ban nema ba. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Malama, an yi wa layinki rajista da wani tsarin biya mai sabunta kansa. Yawanci yana shiga ne idan tallar nan da ke faɗowa kan fuskar waya ta zo aka danna amincewa cikin gaggawa, ko yara suka taɓa.

Danna *305#, ki bi umarnin da ya fito, ki soke duk tsarin da ba ki sani ba. Sannan ki tura STOP zuwa 2442, lambar da NCC, hukumar kula da kamfanonin sadarwa ta Najeriya, ta ware don toshe saƙonnin talla. Kada ki tsaya a 2442 kaɗai, talla take tarewa, tsohuwar rajista na iya ci gaba da ci.

Kuɗin da aka riga aka cire kuwa, kira 300, lambar kai ƙorafi ga kamfanin layinki, ki faɗi rana da adadin, ki karɓi lambar ƙorafi. Kar ki goge saƙonnin cirewar, su ne shaidarki. In kamfanin ya yi biris, kira NCC a 622, kyauta ne, ki ba su waccan lambar ƙorafin.