Kara ɗaya a madadin karin kumallo: amsoshin likita kan taba sigari da samarin ƙauye

Saƙonnin da suka taru a wannan makon sun karkata wuri guda, wato taba sigari a hannun yaran da ko gemu ba su fara ba. Na ɗebi biyar daga ciki, na sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa 15, ya bar makaranta bara. Ranar kasuwa yana dako, sauran ranaku yana tura kurar ruwa. Na fara jin warin taba a rigarsa, na kuma tsinci ashana a aljihunsa. Da safe ba ya tsayawa shan koko, da dare sai sawu ya ɗauke yake shigowa. Babansa ya zane shi har sau biyu, sai ma ya fara kwana a waje. Duk ya rame. Yaya zan yi? (Wata uwa daga ƙasar Ringim)

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya shirya mana zuri'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai a saƙonki shi ne kokon nan da ba ya sha. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana danne yunwa na ɗan lokaci. Yaron da ya fita da ciki wayam, ya hau ɗaukar buhu tun hantsi, ba ya daɗewa zai gane cewa kara ɗaya ya fi kwanon garau-garau araha, kuma zai riƙe shi zuwa azahar. Ga aiki mai nauyi, ga abinci kaɗan, ga jiki yana tsakiyar girma. Ramar da kike gani daga nan take.

Sai zancen dare. Teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo, majalisar bakin tasha, a nan ake miƙa wa yaro guntun kara, shi kuma ya karɓa don a daina yi masa kallon ƙaramin yaro. Nikotin yana hana barci mai nauyi, sai ya kwanta a makare, ya tashi jiki a mace, ya nemi wani karan ya wartsake. Haka kwanansa yake juyawa.

Ki kuma sani cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, hayaƙin kuma cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka yake kai nikotin can. Shi ya sa yaro yake saurin kamuwa fiye da babba, wani ma tun bai kai ga sha kullum ba. Bulala ba ta cire wannan. Abin da ta yi a gidanku kin gani, ta kore shi zuwa kwanan waje, inda wiwi da sholisho da tiramol suke. Ba kowane mai shan sigari ke kaiwa can ba, amma yawancin waɗanda ake kawo mana da matsalar ƙwaya, in an bi labarinsu, da sigari suka buɗe.

Ki fara da cikinsa. Ɗumamen tuwo, koko da ƙosai, duk abin da ya samu, ya ci kafin ya fita, ki kuma dama masa fura ya tafi da ita. Sannan a samu wanda yake jin nauyinsa, kawu ko yaya, ya zaunar da shi ba da tsawa ba, ya ji kara nawa yake sha a rana, kuma yaushe yake kunna na farko. In bai wuce rabin awa da tashi daga barci yake kunnawa ba, abin ya kama shi sosai, ku je asibiti tare. A yanka masa lokacin dawowa gida, a nema masa wurin koyon sana'a wajen mutumin da ba ya sha. In kuka ga magana tana sarƙewa, ko tangaɗi, ko ya faɗi yana jijjiga, to an wuce sigari. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Don Allah kada a kai shi gidan mari.

Tambaya: Shekarata 17, ina ƙwadago a gonakin shinkafa tun daga dashe har yanka. Manyanmu suka ce taba tana ƙara ƙarfi, tana korar sanyin ruwa. Yanzu kara takwas nake sha a rana. Da ni ne ɗan wasan gaba a ƙungiyarmu, yanzu minti ashirin na yi sai haki. Na taɓa bari kwana biyu, kaina ya yi ta sarawa, kowa ya yi mini magana sai faɗa, na koma. (Wani matashi daga Kura)

Amsa: Ɗana, manyan naku sun faɗa maka abin da su ma aka faɗa musu. A cikin hayaƙin taba akwai iskar kabon monoksaid, ita ce dai wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Tana kama jini ta fi iskar da jiki ke buƙata riƙo sau ɗari biyu ko fiye, sai tsokarka ta riƙa samun kaɗan. Hakin filin ƙwallo ke nan. Ƙarfin da kake ji bayan ka zuƙa kuwa, bugun zuciya ne ya ƙaru, ƙishin tabar kuma ya lafa. Batun sanyi ma a juye yake, domin nikotin tsuke jijiyoyin jini yake yi, hannu da ƙafa su ƙara sanyi.

Kwana biyun da ka yi ka koma, a daidai tsinin wahalar ka saki. Ciwon kai, zafin rai, kasa barci da yawan yunwa sun fi tsanani a kwanaki ukun farko, daga nan su riƙa sauka, cikin mako biyu zuwa huɗu mafi yawansu sun wuce. Shi kansa ƙishin zuwa yake ya tafi, 'yan mintuna ne. In ya taso ka sha ruwa, ka tauna aya ko gyaɗa ko rake, ko ka sa asuwaki a baki. Kai da kake yin azumin Ramadan tun asuba har magariba ba ka kunna ba, ka riga ka san jikinka yana iyawa.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da sinadarin hana barci da ke cikin shayi da kofi da goro. Da ka daina, kofin shayin da ka saba zai riƙa yi maka aikin kusan biyu, ka ji zuciya na bugawa, barci ya gagara, ka ɗauka rashin taba ne. Ka rage shayi da goro da rabi, musamman bayan la'asar.

Ka sa rana, ka bari gaba ɗaya, ka faɗa wa abokinka ɗaya da ba ya sha. Lokacin hutun gona ka canza inuwar da kake zama. Kuɗin kara takwas ɗin kullum ka riƙa jefa su a asusu, ka fasa bayan wata biyu ka ga ko ba su sayi takalmin ƙwallo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin awa 12 da dainawa iskar nan mai guba tana sauka daga jini, cikin mako 2 zuwa 12 kuma gudun jini da aikin huhu suna gyaruwa. Tari na iya ƙaruwa a makonnin farko, huhu ne ke share kansa. Kada ka karɓi wata ƙwaya a kemis da sunan maganin barin taba sai ma'aikacin lafiya ya duba ka.

Tambaya: Wai gaskiya ne in mutum ya sha madarar gwangwani bayan taba tana wanke ƙirji? Kuma shisha ta fi sauƙi tunda ta ruwa take bi? (Ɗan acaɓa daga Bichi)

Amsa: Duka biyun babu. Madara ciki take tafiya, hayaƙi huhu yake tafiya, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ruwan shisha sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace gubar, ga gawayin da ke kai yana ƙara nasa, ga tiyo ɗaya yana yawo baki-baki. Mai zaman shisha na awa guda yana zuƙar hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau da yawa.

Tambaya: Ina da tsangaya. Wasu daga cikin gardawa suna shan taba a ɓoye a zauren da ƙananan almajirai ke kwana. Ɗaya daga cikinsu ya fi wata yana tari, yana zufa da dare, yana ramewa. Mun ba shi zuma da citta bai daina ba. (Wani malami daga Sumaila)

Amsa: Allah gafarta Malam, wannan kada ku bari ya kwana. Tarin da ya kai mako biyu, da zufar dare, da rama, sai an yi gwajin tarin fuka, wato tibi. Za a karɓi majinarsa a asibitin gwamnati mafi kusa da ku, gwajin da maganin duka kyauta ne, ana sha wata shida ba fashi. Shan taba yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon, yana kuma jinkirta warkewa. In gwaji ya tabbatar, a duba duk waɗanda suke kwana tare da shi. Kafin nan ya riƙa kwana inda iska ke ratsawa, ya rufe baki in zai yi tari.

Su ƙananan kuma, hayaƙin da suke shaƙa a zaure yana kawo musu ciwon kunne, da tayar da asma, da ciwon huhu. A cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji, kuma ba sa tambayar wanda ya kunna. Ku hana sha a zauren, ku kuma hana gardi ya aiki yaro sayo kara, balle ya ce masa ya kunno a murhu ya kawo. Kunnowa sai da zuƙa, yara da yawa a nan suka ɗanɗana na farko.

Tambaya: Ina da tireda a bakin tasha. Yara suna zuwa sayen kara ɗaya ɗaya, wasu su ce aiko su aka yi. In na hana za su je gaba su saya. Ina laifina? (Mai tireda daga yankin Maigatari)

Amsa: Malam, doka ta riga ta yi magana. Dokar taƙaita taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sa yaro ya sayar, ta kuma hana sayar da kara ɗaya ɗaya, sai kwali mai kara 20. Na san ba mai bi tasha-tasha yana dubawa. Amma ka lura da dalilin dokar: yaron da ya yi dako ya samu 'yan canji ba zai iya sayen kwali ba, kara ɗaya ne daidai aljihunsa, kuma a kan kwalin da ba ya gani ne aka buga gargaɗin lafiya. In ka ce babu, yana iya sayen ƙullin gyaɗa ko biskit da kuɗin. Ku masu tireda a tashar ba ku da yawa, kun san juna, ku haɗa baki a gaban mai unguwa. Wanda ya ce aiko shi aka yi, ka ce ya koma ya ce wa mai aiken ya zo da ƙafarsa.