Ɗana, kada ka ajiye darasin AM tukuna

Ka tambaye ni ko akwai sauran amfanin koyon gyaran akwatin rediyon AM, wato tsohon tsarin watsa rediyo na matsakaici da gajeren zango, tunda ana cewa rediyo ya koma dijital, kuma ko za a iya juya tsohuwar akwati ta kama sabbin tashoshin.

Na biyun ba ya yiwuwa, kada ka karɓi kuɗin kowa a kansa. DAB, wato tsarin rediyon dijital da NCA, hukumar sadarwa ta Ghana, ta fara gwadawa a Accra da nan Kumasi a 2023, yana can sama da FM, daga megahaz 174, kuma abin da yake ɗaukowa lissafi ne, sai da ɗan guntun kwamfuta a cikin akwatin kafin ya zama murya. Akwai wani tsarin dijital kuma, DRM, wanda ake watsawa a zangon AM ɗin kansa, Indiya ta yi nisa da shi. Shi ma idan tsohuwar akwati ta faɗa kansa, shuuu kawai za ka ji. Duk ƙwarewarka da dalma ba za ta canza wannan ba.

Amma zauna ka ji na farkon. Dijital idan ya kama, tas yake, babu ƙara. Idan siginar ta yi rauni kuwa, ɗif, ya ɗauke gaba ɗaya. AM ba haka take ba. Murya za ta yi ƙasa, ta dawo, iska na kaɗa ta, amma dattijo zai kara akwatin a kunne ya tsinci labarinsa har ƙarshe. Da dare kuma sararin sama yana dawo da siginar ƙasa ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Da haka iyayenmu a Aboabo da Sabon Zango suka riƙa jin Rediyon Kaduna, da Sashen Hausa na BBC wanda aka buɗe tun 1957, da Muryar Jamus, a gajeren zango, wanda shi ma AM ne. Ba data, ba katin waya, batir biyu sun wadatar ko da dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya yi kwana. Wannan ne ke damuna idan gidajen rediyo suka kashe manyan injinansu don wuta da mai sun yi tsada, suka koma FM da intanet. Mu a gari ba mu rasa komai ba. Makiyayi a daji da tsohuwar da ba ta iya latsa waya ba su ne aka bari.

Abin da zai fi kawo maka aiki yanzu shi ne ƙara. Mutum zai zo ya ce akwatinsa ta lalace, gurnani kawai take yi. Kada ka yi saurin kwance ta. Cire ta daga wuta, sa mata batir, fita da ita tsakar gida. In ta washe, laifin na cajar waya ne mai araha, ko ƙwan LED, ko inbata, domin AM tana ɗaukar hayaniyarsu kamar tasha. Sai ka nuna masa ya juya akwatin a hankali, saboda baƙar sandar nan ta cikin akwatin da aka naɗe da siririyar waya ita ce eriyar matsakaicin zango, kuma tana da gefen da ta fi ji. Ƙananan gwangwanayen nan na cikin akwatin masu kan sukuru, waɗanda ke tace sigina kuwa, a kilohaz 455 aka saita yawancinsu. Kada ka murɗa su da ƙarfe, cikinsu na fashewa.

Gyaran waya da dikoda ka koya, ni ma ina so, can kasuwa ta karkata. Amma AM ce za ta koya maka bin sigina daga eriya har sifika da kunnenka da mitarka. Gobe in Allah ya kai mu, ɗauko jar akwatin nan da ke ƙarƙashin benci, ka fara da auna wutar da ke shiga tiransisto na farko kafin ka taɓa komai.