Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Senegal ta taɓa cin Kofin Larabawa?

Tambaya ta farko daga wani tela ce a Shara Mansur, Makka. Yace: "Malam salamu alaikum, don Allah ka raba mana gardama, kullum bayan isha'i a wajen mai shayi sai an yi ta. Wani yaron shagona ya dage wai Senegal ta taɓa ɗaukar kofin ƙwallon ƙafa na Larabawa na matasa, kuma wai a nan Saudiyya aka yi, ni kuma nace masa haba, yaushe Senegal ta zama ƙasar Larabawa? Har mun sa caca, wanda ya faɗi zai sayi soyayyar kazar gidan abincin Albaik ta mutum biyar."

Wa alaikumus salam maigida. Toh sai dai ka yi haƙuri ka shirya riyalolinka, yaron nan ya fi ka gaskiya. A farkon 2020, dab da korona ta sa a rufe ko'ina, an buga Kofin Larabawa na 'yan ƙasa da shekara 20 a nan Saudiyya, a Riyad da Dammam da Khubar, kuma Senegal ce ta ɗauka, ta ci Tunisiya ɗaya da nema a wasan ƙarshe. Gayyatarta aka yi, ita da Madagaska, don a cika gurbi a kuma samu wanda zai gasa wa yaran Larabawa aya a hannu, sai baƙo ya zo ya cinye tuwon har da kwanon. Hukumar ƙwallon ƙasashen Larabawa mai hedikwata a Riyad ita ke shirya gasar, kuma tunda gasarta ce wanda ta ga dama shi take kira. A 2021 da aka yi a Masar ma an sake kiran Senegal ɗin, har da Uzbekistan da Tajikistan, amma wannan karon Saudiyya ce ta ɗauka bayan ta ci Aljeriya 2 da 1. A 2022 kuma a Abha aka yi, lokacin zafi, ai ka san dalili, can saman dutse ne akwai sanyi ba irin wutar da muke sha a Makka ba, Saudiyya ta sake ɗauka, sun yi kunnen doki 1 da 1 da Masar sannan ta ci a bugun fenareti.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai a maganar Senegal ɗin nan shi ne mutanen ba sa raina gasa, duk inda aka kira su sai su kwashi yara su tafi, kuma ga sakamakon nan kowa ya gani, a 2023 kaɗai sun ɗauki kofin Afirka na 'yan ƙasa da 20 a Masar da na 'yan ƙasa da 17 a Aljeriya. Mu kuwa 'yan Najeriya har yau wasan Dammam na gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a 1989 muke ta ba da labari, ranar da Tarayyar Sobiyet ta zura mana huɗu ba ko ɗaya, yaran koci Tunde Disu suka farke duka huɗun a cikin kusan rabin awa, Nduka Ugbade ya ci ta huɗun, muka fitar da su a fenareti. Labari ne mai daɗi wallahi, dattawanmu da suka je filin har yanzu in suna faɗa sai ka ga idonsu ya kawo ruwa, amma fa Portugal ce ta ɗauki kofin a Riyad, biyu ta ci mu. Sannan caca dai ba kyau maigida, ka saya musu kazar a matsayin kyauta kawai.

Wani ɗalibi a Madina, ɗan Hausawan Sudan, yana tambaya ko wanda ya ci Kofin Larabawan nan yana samun tikitin gasar duniya.

A'a ɗan'uwa, ba ya samu. Tikiti ta nahiya ake bi. Saudiyya ta Asiya take bi, Najeriya da Nijar sai sun fara fita daga shiyyar WAFU B ta Afirka ta Yamma kafin su je kofin Afirka, ku kuma Sudan kuna shiyyar CECAFA ta Gabashi da Tsakiyar Afirka tare da su Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Ai ku ne ma kuka karɓi baƙuncin ta 'yan ƙasa da 20 a ƙarshen 2022, watanni kaɗan kafin yaƙin nan ya ɓarke, Yuganda da Sudan ta Kudu suka wuce. Allah ya kawo muku zaman lafiya.

Sai wasiƙar wata Hajiya daga Jidda, wadda ita ce ta fi ɗaukar min lokaci. Tace: "Ɗana shekararsa 14, a nan aka haife shi, Hausar ma da ƙyar yake haɗawa, ba shi da aiki sai ƙwallo a unguwa, takalmi uku ya kashe bana. Yana ganin su Hausawi, 'yan wasan Saudiyya masu asalin Hausa, a talabijin yana cewa shi ma sai ya buga wa Saudiyya. Mu kuma igama gare mu, wato takardar izinin zama ta baƙi. Akwai wani mutum da yace in ba shi riyal dubu biyar zai rage masa shekaru ya kai shi gwaji waje. Ya kake gani?"

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Yaron bai yi ƙarya ba, a tawagar da Saudiyya ta kai Rasha a 2018 akwai Hausawi har uku, Usama da Umar da Mu'utaz, duka 'yan baya, Usama ne ma kyaftin, kuma ɗan Makka ne da ya taso a kulob ɗin Al-Wahda. Amma su 'yan ƙasa ne, kakanninsu ne suka zo tun da daɗewa. Dokar FIFA kuwa ba ta da kwana, ba ka saka rigar ƙasa ko a gasar yara sai kana da shaidar zama ɗan ƙasar, kuma kin fi ni sani haihuwa a nan ba ta ba mutum jinsiyya. Abin da ya buɗe shi ne ƙofar kulob, tun 2017 lokacin da Turki Al Sheikh ke shugabantar hukumar wasanni ta Saudiyya aka fara ba mawalid, wato 'ya'yan baƙi da aka haifa a nan, dama su yi rajista, to nan ne ya kamata ku dosa, da takardar haihuwarsa ta asibiti da igama mai rai. In kuma fasfonsa kore ne irin namu na Najeriya, to Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, ma tasa ce, mai kofin duniya biyar, sai dai gaskiya da wuya koci ya hango yaron da ke buga ƙwallo a lungun Jidda in ba ta hanyar kulob ba.

Maganar mutumin nan kuwa, don Allah Hajiya ki riƙe kuɗinki. Na farko dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai 18 ba wani kulob a wata ƙasa sai da wasu sharuɗɗa masu tsauri, wanda duk yace miki zai ɗauke shi yanzu ki tambaye shi ta wace ƙofa. Na biyu rage shekaru, tun 2009 ake sa 'yan ƙasa da 17 a na'urar MRI a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu, in ƙashin ya gama haɗewa sai a ce yaro ya koma gida, an sha sallamar yaranmu daga sansani a kan haka. Balle shi da aka haifa a asibitin Jidda, ranar haihuwarsa na cikin kwamfutar jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, in aka je aka yi masa wani fasfo da wata shekara daban ranar sabunta igama za ku gane kurenku, kuma mutumin a lokacin wayarsa a kashe take. Dubu biyar ɗin nan ta isa ta biya masa makarantar ƙwallo mai lasisi na wasu watanni har da takalmi na huɗu. Ki sa babansa ko kawunsa ya raka shi ranar farko ya ga wajen da idonsa, kuma a ce masa in sakamakon makaranta ya yi ƙasa an daina kai shi.

Masu tambaya kan gasar 'yan mata, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.