Sitiyarin Motata Yana Tauri Jefi-Jefi

Tambaya: Salam Malam, Camry 2005 gare ni, sitiyarin wani lokaci lafiya lau, wani lokaci ya yi tauri kamar dutse, musamman in na shiga ruwa ko zan yi kwana, har da ƙara kiii. Mene ne mafita? Daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan ƙarar da zancen ruwan, bel ɗin da ke juya famfon man sitiyari nake zargi, in ya saki ko ya yi santsi sai ya riƙa zamewa, famfo ya kasa tura mai. Buɗe bonet ka duba gorar man sitiyari ma, in ya ragu ko ka ga kumfa to akwai yoyo, iska na shiga ta tiyo. ATF, wato man giyar otomatik, ake zuba wa sitiyarin wannan motar, don Allah kar a sa man birki. Kar ka yarda bakanike ya canza famfo kafin ya duba waɗannan, kuma ka haƙura da doguwar tafiya sai an gyara.