Wane mazubi ya fi dacewa da renon dashen itatuwa don farfaɗo da ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyarmu na aikin farfaɗo da wani fili da ya zama fako, kuma bana muna so mu reni dashe dubu biyar kafin damina. Bara da baƙar leda muka yi. A wurin reno itatuwan sun yi kyau sosai, amma bayan dasawa da yawa suka tsaya cak, wasu kuma iska ta kwantar da su. Wani ya ce mana ledar ce matsala, mu nemi mazuban roba na zamani. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Kafin ku sayi komai, ku koma filin ku tono ɗaya daga cikin itatuwan da suka ƙi girma, ku wanke saiwarsa da ruwa ku duba. Na sha yin haka, kuma abin da na fi gani shi ne saiwa ta naɗe kamar gammo, daidai faɗin gindin ledar da aka rene ta a ciki, ko da itacen ya shekara a ƙasa. In haka kuka tarar, to kun gano ciwon.

Ga yadda abin ke faruwa. Uwar saiwa ƙasa take nufa. Idan ta iske gindin leda a toshe, ba ta tsayawa, sai ta bi bango tana kewayawa. Saiwar da ta yi kauri a lanƙwashe ba ta sake miƙewa. Itacen zai rayu da damina tunda akwai laima a sama, amma rani na kamawa ba shi da abin da zai kai ga danshin da ke can ƙasa, ba shi kuma da turken da zai riƙe shi in iska ta taso. Wani lokaci ma sai bayan shekaru saiwar take shaƙe gindin da kanta. Abin da ke ruɗar masu reno shi ne ganye ba ya tona wannan asiri. Dashen da ya fi kowane tsayi da kore a wurin reno sau da yawa shi ne wanda ya fi daɗewa a leda.

Don maganin wannan aka ƙera mazuban da abokinku yake nufi. Sun yaɗu ne daga Kanada da Amurka a shekarun 1970, a Brazil kuma da irinsu ake renon itacen turare da itatuwan daji masu ɗimbin yawa. Roba ce mai ƙarfi, doguwa, mai tsukewa zuwa ƙasa. A cikinta akwai zane-zane masu tudu daga sama zuwa ƙasa da ke hana saiwa kewayawa, gindin kuma a buɗe yake. Ana jera su a kan raga sama da ƙasa. Da kan saiwa ya leƙo ya sha iska sai ya bushe, tsiron kuma ya fitar da ƙananan saiwoyi masu yawa daga ciki. Iska ce ke yin aikin almakashi, kuma tana yinsa da tsabta fiye da hannun mutum.

Suna da wata fa'ida da ba a cika lissafawa ba sai ranar dasawa. Leda mai faɗin santimita 15 a kwance, idan aka cika ta zuwa tsayin santimita 20, tana cin ƙasa kusan lita ɗaya da rabi, nauyinta da laima ya doshi kilo 2. Dashenku dubu biyar ke nan ya kusa tan 10 da za a ɗauka zuwa fili. Mazuban zamani da yawa cikinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba.

Duk da haka ba zan ce ku ruga ku saye su ba. Ƙaramin mazubi ba ya yafe sakaci. Ruwan cikinsa kaɗan ne, idan aka tsallake ban ruwa na yini ɗaya a lokacin zafi ana iya rasa jeri guda. Ba a cika shi da ƙasa zalla, domin takan dunƙule ta hana iska shiga. Yana son haɗi mara nauyi, kamar ruɓaɓɓen taki da ɓuntun shinkafa ko ɓawon itace da ya ruɓe. Sai ragar da za a ɗora shi, sai wankewa da ruwan zafi ko bilic kafin a sake amfani da shi, don cutar bara kada ta bi dashen bana. Idan kuna da ruwa tabbatacce da mai kula kullum, kuma aikin na shekaru ne, sun cancanci kuɗinsu. Idan babu, leda ta fi muku, sai dai a gyara yadda ake aiki da ita.

Ku zaɓi doguwa siririya a kan gajera mai faɗi. A busasshiyar ƙasa zurfi ake nema, musamman ga itatuwa irin gawo da bagaruwa waɗanda uwar saiwarsu ke riga ganye gudu. Santimita 20 zuwa 25 na tsayi ya wadatar ga yawancinsu. Ku huda gindin sosai, ko ku yi amfani da wadda gindinta a buɗe yake ku jera a kan raga kamar santimita 30 sama da ƙasa. Da haka kun sami rabin amfanin mazubin zamani. In a ƙasa za ku jera, to duk mako biyu a ɗaga kowace leda a yanke saiwar da ta fito da wuƙa mai kaifi, kada a bari ta kama ƙasa har ranar ɗauka a fizge ta. Ku shuka iri kai tsaye cikin ledar in zai yiwu, saboda wajen cire tsiro daga kwami a mayar leda ne saiwa take lanƙwashewa kamar ƙugiya.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne lokaci. Kowane mazubi yana da wa'adi, kuma laifin da ake ɗora wa leda galibi na jinkiri ne. Ku tsayar da ranar dasawa, sannan ku ƙirgo baya: itatuwa masu saurin girma wata uku zuwa huɗu ya ishe su. Wanda zai daɗe fiye da haka, a ba shi babbar leda tun farko.

Gwangwani da robar ruwa ana iya lallaɓawa da su in ba wata hanya, amma gwangwani na ɗaukar zafi kuma cire dashe daga cikinsa wahala ne, farar roba kuma haske na ratsa ta har gansakuka ta fito. Mazuban takarda da ake dasawa tare da tsiron suna da kyau, sai dai a busasshiyar ƙasa ruɓewarsu na jinkiri, kuma idan bakinsu ya fito sama yakan zuƙe laima kamar lagwani, don haka a binne shi duka.

Ranar dasawa, a yanke gindin leda kamar santimita 2 tare da duk saiwar da ta naɗe a wurin, a tsaga gefe, a cire ledar gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Ina kuma ba ku shawara bana ku reni ɗari biyu ko uku a mazubin zamani, sauran a doguwar leda, ku dasa su a layuka dab da juna ku sa alama. Bayan rani ya wuce ku ƙirga waɗanda suka rayu a kowane layi, ku tono biyu-biyu ku duba saiwarsu.