Ƙanena yana asibitin ƙwaƙwalwa amma ba ya barci da dare, a ƙara masa magani ne?

Tambaya: Salam likita. An ba ƙanena gado a asibitin ƙwaƙwalwa sati biyu ke nan, jiki da sauƙi Alhamdulillah, amma da dare idonsa biyu sai zagaye yake yi a ɗaki, da rana kuma duk sanda na je sai in tarar yana sharar barci. Ko in roƙe su su ƙara masa maganin barci?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya, sannu da jinya. Gaskiya ni ba zan ce ki fara da roƙon ƙarin ƙwaya ba, don amsar rabin tambayarki tana cikin maganarki, mutumin da ya wuni yana barci ina zai samo na dare? Babba awa 7 zuwa 9 yake buƙata, in ya cinye biyar da rana to dole ya kwana ido biyu. Kuma haka zaman asibiti yake, ba aikin yi, ba fita, gado na nan kusa, ga magunguna irin su olanzapine da chlorpromazine masu saukar da kasala.

Don haka gyaran daga safe ake farawa. Ya tashi lokaci ɗaya kullum, in musulmi ne sallar asuba ta wadatar, ya fita tsakar asibiti ya sha hantsi ko na minti 30 ne, saboda hasken safiya shi ke saita agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa. Ƙailula ba laifi, amma gajeriya bayan azahar, kamar minti 20 zuwa 30, ba a zarce har magariba ba. In kin je dubiya kada ki ce "bari ya huta", ki tashe shi ku ɗan taka ku yi hira. Nan ne 'yan'uwa suke ɓata mana aiki da tausayi wallahi, ga filas na shayi mai kauri, ga goro, ga Nescafe, ga lemon kwalba mai ƙara kuzari, alhali sinadarin kafeyin (caffeine) mai hana barci da ke cikinsu sai ya yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Bayan azahar a daina ba shi.

Amma wannan zagayen da kika ce yana yi, shi ya fi tsaya mini a rai. Ki lura da kyau, in ya zauna ƙafafunsa suna ta motsi, yana cewa ya kasa zama waje ɗaya? Wasu magunguna musamman haloperidol suna kawo haka, ana ce masa akatisiya, kuma sau da yawa a ɗauka ciwon ne ya tashi sai a ƙara maganin, abu ya ƙara lalacewa. In kuma ba ya barci amma ba ya jin gajiya, ga surutu ga jin kai ga tsare-tsare barkatai, to ciwon ne bai gama kwanciya ba. Wanda ya saba da tramol ko kodin ko wiwi shi ma in aka yanke masa sai barci ya ƙaurace masa na kwanaki, wani har makonni. Duk wannan ki faɗa wa likitansa ranar da yake zagayen duba marasa lafiya, ki tambaya ko za a mayar da maganin da ke sa shi barci zuwa dare, masu iya hana barci irin su fluoxetine kuma a ba shi da safe.

Sai shi kansa ɗakin. Nas-nas suna leƙa marasa lafiya cikin dare, wani duk awa wani duk minti 15, kuma dole ne ga wanda ake tsoron zai cutar da kansa, sai dai haska tocila a fuska da buga ƙofa yana farkar da mutum. A wasu asibitocin Ingila sun gwada ware tsakar dare zuwa 6 na safe ba a tashin wanda aka tabbatar ba shi da haɗari, a Trondheim ta ƙasar Norway kuma har ɗakuna suka yi da fitilarsu ke komawa ruwan ɗorawa da yamma. Mu a nan ko rage hasken baranda da kashe talabijin da wuri aka yi an taimaka. Sauro da zafi ma ki yi maganarsu, amma kada ki ɗaura gidan sauro da igiya sai nas ta yarda, a irin wannan ɗakin igiya ba abin wasa ba ce.

Magungunan barci irin su diazepam da kike nufi suna da ranarsu, likita na iya ba shi na 'yan kwanaki. In an wuce sati 2 zuwa 4 jiki yana sabawa, a dawo ana fama da yadda za a raba shi da ita. Kada ki sayo a kemis ki kai masa a ɓoye, haɗuwarta da abin da yake sha tana iya danne masa numfashi, balle in mai minshari ne sosai.